Kwat ɗin Faci

Sunansa Orest Kushnir, amma ni na raɗa masa Faci, sunan kuma ya kama shi har jikokinsa sun tashi suna jin ana kiransa da shi. Ban raɗa don yabo ba. Ni ne Merv, mai bugu. Shekara goma sha huɗu na yi a kulob ɗin garinmu, a wasan da ƙarti ke karo da kai suna danne juna a kan ƙwallo, amma ban taɓa kayar da kowa ba, ban taɓa rungumar ƙwallo na ruga da ita ba, hular kwanona ma har na yi ritaya ba ta san ƙwarzane ba. Ina zaune a benci cikin bargo sai an matso kusa da sandunan gola a kira ni, in shiga in ɗaga ƙafa sau ɗaya, in dawo in ja bargona. Abu ɗaya tak na iya a duniya, kuma hotona yana rataye a Zauren Gwaraza na kulob. Orest ya iya bakwai, nasa ba ya nan. Har yau in an haɗu a shagon gahawa ana musun ko ya cancanta, ni kuwa sai in ci gaba da juya cokali, don na fi duk masu musun sanin amsar.

Ɗan manoma ne daga wani ƙauye can arewa da mu, inda babu komai sai alkama da coci mai ƙubba. Ubansa ya mutu yana da shekara goma sha shida, ya bar masa gona da ƙanne huɗu da tarakta mai taurin kai. Shi ne makanike, shi ne mai tatsar shanu, shi ne mai gyaran rufi, in uwar ta kwanta ciwo shi ne mai girki. A can ya kwaso ciwon da ya cuce shi: da zarar an ce wa zai iya, hannunsa ya riga tunaninsa tashi.

Ya zo mana yana da ashirin da biyu a matsayin mai cafewa, wanda ke tsere cikin fili a jefo masa ƙwallo daga nesa ya kama. Hannu gare shi, wannan ko ni ba zan musa ba. A wasa shida na farko ya cafe talatin da ɗaya, har jarida ta fara koyon rubuta sunansa daidai. Da an bar shi a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. A wasa na bakwai ɗaya daga masu tsaron bayanmu ya karye a ƙafa, Koci Brandvold ya juyo ya dubi benci.

"Wa ya taɓa tsaron baya a cikinku?"

Kowa ya sami abin dubawa a takalminsa, don mun san halin Brandvold.

"Zan iya, Koci," in ji Orest.

Ya shiga, ya kuma ƙwace ƙwallo biyu daga hannun abokan hamayya. Bayan wasa na same shi a ɗakin canja kaya yana ta washe baki.

"Kai ɗan ƙauye," na ce, "ka san abin da ka yi wa kanka yau?"

"Na yi me?"

"Ka nuna wa mutumin nan kana lanƙwasuwa. Daga yau duk inda taya ta fashe kai za a manna. Faci ke nan."

Ɗaki ya kwashe da dariya, shi ma ya taya su. "To ai dole wani ya yi, Merv."

"Dole wani ya yi, amma ba dole kai ba, sakarai."

Haka kuwa aka yi. Shekara biyu a tsaron baya, sai aka sayo wani daga kudu, aka mai da Orest cafewa. Kafin ya zauna da kyau mai gudu da ƙwallo ya goce a kafaɗa, aka ce Faci. Shi ke tsayawa can ƙarshen fili ya tari ƙwallon da aka bugo sama, mutum goma sha biyu na rugowa su take shi, aikin da babu mai hankalin da ke roƙa. Wata shekara masu jifanmu biyu suka ji ciwo a mako ɗaya, ya karɓi jifa wasa uku, muka ci biyu. Ya taɓa tsayawa a sahun gaba cikin ƙartin da suka ninka shi nauyi, ya fito da haƙora biyu a tafin hannu. Kowane Yuni Brandvold zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Bana wuri ɗaya za mu bar ka, ɗana." Kowane Agusta ya manta. Shekara goma sha uku ana haka, ko sau ɗaya ban ji ya ce a'a ba.

Kada ku ɗauka waliyyi ne. Son a so shi ne ya yi masa yawa. In Koci ya ce masa madalla, yini zai yi yana maimaita mana har kunne ya gaji. Ni irin mutanen nan haushi suke ba ni, don suna sa sauranmu mu fito marowata.

Aikinsa na bakwai shi ne ni. Mai bugu ba shi kaɗai yake bugu ba. Wani ne zai sunkuya ya wurgo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, wani durƙushe yadi bakwai a baya ya cafe, ya dasa ta a ƙasa da yatsa ɗaya, ya juya ɗinkinta ya kalli gaba, duk kafin ƙafata ta iso. In ɗinkin ya kalle ni, ƙwallo ta karkace, a zage ni. In ta ratsa tsakanin sanduna, ni ake ɗagawa sama. Shekara goma sha biyu Orest na durƙusa mini, ko daga wane aiki ya fito, ko hancinsa na zubar da jini.

Kowa a garin nan ya san bugun da ya ba mu kofi. Saura daƙiƙa huɗu, abokan hamayya suna gabanmu da maki biyu, yadi arba'in da huɗu, fili ya daskare, iska na yanka fuska. Hoton yana kowace mashaya: ni, ƙafa a sama, baki buɗe. A ƙasan hoton daga gefe akwai hannu ɗaya naɗe da farin bandeji, mai hoto ya yanke sauran mutumin. Abin da hoton bai nuna ba shi ne wurgin ya zo a ƙasa, ya daki ƙanƙara ya yi tsalle gefe. Orest ya miƙa ya kamo ta da hannun da yatsunsa biyu ke karye tun kafin hutun rabin lokaci, ya dasa, ya juya ɗinki. Ni ban ma san an yi ba sai da na kalli fim ɗin wasan. Akwai kuma wani abu da babu ɗan jaridar da ya taɓa lura da shi. Shekarar da aka yi wa Orest aiki a gwiwa wani ya riƙe mini, bugu ashirin da shida na yi, goma sha ɗaya suka bauɗe. Aka rubuta wai ƙafata ce ke ciwo, ni kuma ban gyara musu ba. Lafiyar ƙafata lau.

Da ya ajiye wasa bai koma gona ba, ƙannensa sun riga sun cika ta. Ya zama mai kula da ginin wata firamare a unguwar arewa, matarsa Verna na aiki a gidan burodi. Nan da nan gari ya gano abin da Brandvold ya gano. Injin ɗumama coci ya mutu, a kira Faci. Motar maƙwabci ta ƙi tashi da safe saboda sanyi, Faci. Ranar walimar Zauren Gwaraza ma shi ke zuwa tun hantsi ya jera kujeru, ya gwada lasifika, sannan ya koma gida ya sa taye ya dawo ya zauna a teburin baya yana tafa wa wasu.

Ga yadda Zauren yake. Ƙofa uku gare shi: ta masu kai hari, ta masu tsaro, da ta masu bugu. A takardar neman shiga layi ɗaya aka bari na wurin da mutum ya buga, ɗaya tak, kuma da mutanen wannan ƙofar za a auna ka. Mutum tara ke zaɓe, tsofaffin 'yan wasa biyar da 'yan jarida huɗu, sai ka sami ƙuri'a bakwai kafin ka shiga. Kowane ɗan takara yana da mai gabatar da shi, minti biyar ake ba shi. Sunanka zai yi shekara goma sha biyar a takarda, daga nan a goge shi har abada. Ranar zaɓe Asabar ce ta farko a Fabrairu. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe tela ya riga ya auna shi ya shirya masa jar kwat, sai ya zauna a gida ya jira. In ka ci, za a zo a ƙwanƙwasa maka ƙofa da kwat a hannu, ka buɗe, ka juya baya, a zura maka. In ka faɗi, mai gabatar da kai ya bugo maka waya. Shi ya sa a ranar ko mai kawo wasiƙa ba ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan takara, ta baya ake zagawa.

Ni a shekarata ta farko aka ƙwanƙwasa mini. Tun da aka gina Zauren ba wanda ya shiga ta ƙofar masu bugu sai ni. Bango ne guda, fari tas, hotona a tsakiya da fitila a kansa. Ina son bangon nan, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Orest ya fara da rubuta mai cafewa. Aka ajiye ɗari biyu da 'yan kai da ya cafe kusa da na mutanen da suka cafe ɗari shida, aka ce ai shi mai tsaro ne. Bayan shekara shida ya koma ƙofar tsaro, can kuma aka ce ai mai cafewa ne da aka aro. Kowace shekara yana kaiwa zagayen ƙarshe, don ba wanda ke da zuciyar cire shi da wuri, kuma kowace shekara waya ce ke ƙara. Kwat ɗinsa tun shekarar farko tela ya ɗinka ta, tana rataye a bayan shago cikin leda. Duk Janairu sai ya je a sake gwadawa, a rage nan a saki can, don kafaɗarsa ta hagu kullum ƙara sauka take, tumbi kuma na gaba.

Abin ya fara cin sa. Mutumin da a da ba ya ƙorafi ya koma yawo da guntayen jarida a aljihu. Ka tsaya gaisuwa da shi a kanti, sai ya tare ka tsakanin madara da ƙwai yana karanta maka abin da aka rubuta a kansa shekara ashirin da suka wuce. Mutane suka fara canja layi in sun hango shi. Ni kuwa ban taɓa ragar masa ba.

"Bana ta wace ƙofa, Faci?" nakan ce. "Ka gwada taga mana."

Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Bakinka dai, Merv, bakinka."

A Disamban shekararsa ta ƙarshe suka zo gidana shi da Verna. Shi ya tsaya yana murza hula, ita ta yi maganar.

"Merv, ƙofarka muke so."

"Ƙofata?"

"Ta masu bugu. Shekara sha biyu yana durƙusa maka, shekara tara yana tarar bugu. Doka ta yarda, na karanta da idona. Shi ne ya ƙi tun farko, wai ɗakinka ne, ba zai shiga maka ba."

"Verna, ki bari mana," in ji Orest.

"Ba zan bari ba. Shekara sha huɗu ina bari." Ta juyo gare ni. "Kuma kai za ka gabatar da shi. Kana cikin taran nan, kuma kan maganar bugu in ka buɗe baki ba mai musa maka."

"Haba Verna, har sai kin roƙa?" na ce. "Ki dafa abinci ranar, ki kira mutane. Ku bar mini sauran."

Idon Orest ya kawo ruwa. Ya kama hannuna da karkatattun yatsun nan nasa. "Ban so in matsa maka ba, Merv. Bangonka ne."

"Bangon ai yana da faɗi, Faci."

Abin mamaki, na zauna na rubuta jawabin. Mako uku ina kai. Na sa komai: wurgin da ya daki ƙanƙara, yatsun da suka karye, goma sha ɗayan da suka bauɗe. Na tsaya a kicin na karanta da ƙarfi ina duban agogo, minti biyar cif. Jawabi ne mai kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai da na ji shi da kunnena na gane abin da yake cewa a kaina, cewa ni ƙafa ce kawai da aka ɗaura a hannun wani. Na ninke takardar na sa a aljihun kwat.

Ranar Asabar da ƙarfe goma muka zauna a wani ɗaki a saman otel, ga gahawa ga kek. Shugaban kwamiti Royce Aldous ne, tsohon mai jifanmu. Aka gama da ƙofar hari, aka gama da ta tsaro, aka zo kaina. Na miƙe, na taɓa takardar a aljihu, na bar ta a inda take.

Labarai na ba su. Na ba su na ranar da Faci ya karɓi jifa ya ɗirka ƙwallo a gangar 'yan badujala. Na ba su na haƙoran, yadda ya miƙa wa Koci su yana tambaya ko zai riƙe masa ya koma ciki. Na kwaikwayi muryarsa, "Zan iya, Koci, zan iya," har wani ɗan jarida ya ƙware da gahawa. Ni dama na iya ba da labari. Minti biyar suka ƙare ana share hawayen dariya.

Royce ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Merv, mun sha dariya. Amma kai ka fi kowa sani. Riƙon nan, aiki ne da za a rataye hoton mutum dominsa?"

Duk suka zuba mini ido. Kalma ɗaya daga bakina ta ishi Orest a lokacin.

"Royce," na ce, "in ka ba surukata safar hannu, ta yi sati tana koyo, za ta riƙe."

Aka sake fashewa. Aka raba 'yan takardu, kowa ya rubuta e ko a'a a ɓoye. Na ƙiyasta a raina huɗu zai samu, in ya yi yawa biyar, tawa ba za ta canja komai ba. Na rubuta a'a. Royce ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. E shida, a'a uku. Duk da barkwancin da na zuba, mutum shida sun ga abin da na ɓoye, ni ne na bakwan da aka rasa.

"Kash," in ji Royce. "Ɗaya tak. Kai za ka buga masa, Merv. Akwai waya a ƙasa."

Na sauka na tsaya gaban wayar, ban ɗauka ba. Kada ku ce tausayi ne. Tunani na yi, wanda ya buga waya daidai yake da sha huɗun da suka buga kafinsa, amma wanda ya ratsa gari cikin wannan sanyi ya faɗa ido da ido, shi za a riƙa cewa amini. Ko a nan ma kaina nake nema wa suna. Na shiga mota.

Ƙarfe uku na rana na isa layinsu. Motoci sun cika gefen titi, har da na ƙauye masu laka. Sawun mutane ya yi hanya a cikin dusar ƙanƙara, ya zaga ta gefen gida zuwa ƙofar baya. Matakalar gaba kuwa an share ta fes an barbaɗa gishiri, ba wanda ya taka. Duk na gani, amma hankalina na kan abin da zan faɗa. Na yi iya ƙoƙarina, Faci, 'yan jaridan nan ne. Ina gyara fuska, ina gwada muryar da ta dace, ƙafata ta hau matakala, hannuna ya ƙwanƙwasa sau uku. Sai da na ji ƙarar katakon sannan na gane abin da na yi.

Gidan ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Ihu, tafi, wata mata na kiran sunan Allah, wani na dukan murfin tukunya da cokali. Ƙofa ta buɗe. Ga Orest cikin farar riga da taye, babu kwat a sama, an bar wurin jar da ake jira. A bayansa mutum sun kai talatin, ƙannensa daga ƙauye, malaman makarantarsu, limamin cocinsu, har da tsoho Brandvold a keken guragu yana tafa hannu.

"Merv!" in ji Orest. "Kai suka aiko! Verna, Merv suka aiko!"

Bai dubi hannuna ba. Ya juya mini baya, ya miƙo hannayensa biyu ta baya, ya ɗan sunkuyar da kai. Fitilun hoto suka yi ta walƙiya.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Ina ganin kafaɗar hagun da ta sauka, ina ganin zufa ta jiƙa tsakiyar rigar. Na gaba ne suka fara daina tafi, don su ke ganin hannuna babu komai. Verna ce ta farko.

"Orest," na ce wa bayansa. "Shida aka samu."

Hannayen suka ɗan ƙara tsayawa, sannan suka sauka a hankali. Bai juyo ba. Can kicin wani na ta dukan murfi har sai da aka riƙe masa hannu.

"Ka ƙwanƙwasa," in ji Verna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai da aka taɓa ƙwanƙwasa wa. Ka hau matakalar nan ka ƙwanƙwasa."

"Mantuwa ce, Verna, wallahi mantuwa ce."

"Mantuwa."

Sai Orest ya juyo. Fuskarsa ta yi fari, amma hannuna ya kama. "Bar shi, Verna. Waya ya ƙi, ya tako da ƙafarsa. A sha huɗun nan wa ya taɓa yi mana haka? Shigo, Merv, sanyi na dukanka."

Abin da na zo nema ke nan, na kuwa samu, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta lokacin ba.

Tebur ya cika da naɗin kabeji da nama, ƙullin dankali da cuku, tsiran alade, burodin da Verna ta kitsa da hannunta. Kwana biyu ta yi tana girki saboda maganata. Ba wanda ya ɗauki faranti. Ƙannensa na zagin 'yan jarida ƙasa-ƙasa, wata malama na kuka a bakin taga. Orest ya zauna a kujerarsa, aka zaunar da ni kusa da shi.

"Merv," ya ce, "ni ban taɓa jin abin da ake faɗa a kaina a ɗakin zaɓen nan ba. Shekara sha huɗu sai dai a ce mini an yi ƙoƙari. Faɗa mana abin da ka faɗa musu."

"Haba Faci, ai ya wuce."

"Don Allah. Mutanen nan daga nesa suka taso, kada su koma ba su ji komai ba."

"Faɗa mana, Merv," in ji Verna. Tana tsaye, hannu harɗe a ƙirji.

Ba ni da hanyar fita. Ba zan ba su labarin surukata ba. Na sa hannu a aljihu na zaro takardar, na miƙe, na karanta.

Na ce musu Zaure yana auna mutum da abin da ya tara wa kansa, wannan kuwa duk abin da ya samu raba shi aka yi gida bakwai, kuma kowane gida kulob ne ya ci. Na ce da ya iya cewa a'a sau ɗaya, a wasa na bakwai na shekararsa ta farko, da tuni hotonsa ya tsufa a bango, mu kuma da mun rasa wasannin da ba za su ƙirgu ba. Na faɗi wurgin da ya daki ƙanƙara. Na faɗi yatsun. Na faɗi goma sha ɗayan da suka bauɗe, na ce ƙafata lafiyarta lau a shekarar, hannu na rasa. Na ce duk wanda ya kalli hoton bugun nan ya ga ni, to ya ƙara dubawa ƙasa daga gefe, nan mai kofin yake. Na ce in bangon masu bugu na mutum ɗaya ne, ba ni ne mutumin ba.

Na karanta da kyau, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da na gama, ƙannensa maza na share ido da bayan hannu, Brandvold ya rufe fuska da hularsa. Verna ce kawai ba ta yi kuka ba, kallona take.

Orest ya daɗe yana duban yatsunsa a kan gwiwa.

"Haka ka faɗa musu?" ya ce. "Duka?"

"Duka."

"Ba ka rage komai ba?"

"Ko kalma."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To shi ke nan. Duk shekarun nan ina ce wa kaina ba su sani ba ne, ba a sami wanda ya gaya musu daidai ba. Yau an gaya musu, wanda ya fi kowa sani ya gaya musu, suka ce a'a." Ya sa hannu ya sassauta tayensa, ya zare shi ta kai, ya ajiye a hannun kujera. "Ashe ban kai ba ne, Verna. Zuba wa mutane abinci."